Bindigogi Huɗu a Takarda Ɗaya: Yadda Kawuna Ya Auna Araha da Inganci a Zariya

A ƙarshen watan Mayun 2024, ruwan shuka ya fara sauka ke nan, Kawuna ya aiko yaro ya kira ni gidansa da ke Tudun Wadan Zariya. Na tarar da shi a zaure bayan sallar La'asar, ga ɗansa na uku zaune a gefe da waya a hannu, ga kuma wata takarda da aka yage daga littafin makaranta. An rubuta sunaye huɗu a jikinta da jan biro: Ruger 10/22, Marlin 60, Savage 64, Mossberg 702. Kusa da kowane suna an sa farashi da dala.

"Malam," in ji shi, don haka yake kirana tun da na fara koyarwa, "kai ne mai Turancin gidan nan. Duba mini waɗannan, ka faɗa mini wadda ta fi sauƙin kuɗi kuma ba za ta ba ni kunya ba."

Na rubuta wannan ne saboda na san ba Kawu kaɗai ke riƙe da irin wannan takarda ba. Duk wanda ke noma a yammacin Zariya, daga Shika zuwa Giwa, ya taɓa yin wannan lissafin ko da a zuci ne.

Abin da ya kai shi ga takardar

Gonaki biyu gare shi. Ƙaramar tana bayan Shika, kusa da titi. Babbar, wadda ya gada, tana can ciki ta wajen Giwa, masara da waken suya yake yi a cikinta, akwai kuma shanu shida da wani Bafulatani amininsa ke kular masa da su. Shekara talatin ɓarnar da ya sani ita ce ta birai da gyado idan masara ta yi goyo, sai ɓarayin dare masu karyar 'yan zangarniya su cika buhu. Daga baya abin ya canja. A watan Yunin 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Nuhu Bamalli da dare suka kwashi ɗalibai da malamai, kuma ƙauyukan Giwa irin su Kidandan da Galadimawa suka zama sunayen da ake ji a labaran rediyo da safe. Kawu bai taɓa haɗuwa da su ido da ido ba, amma maƙwabcin gonarsa ya kwana goma sha ɗaya a daji kafin a haɗa kuɗin fansarsa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ba sai an ce ka nemi ruwa ba.

Ya sayar da waken suyar bara ya ware naira dubu ɗari shida. Ɗansa kuma ya yi sati biyu yana kallon bidiyoyin Amurkawa a YouTube, masu jera bindigogi a kan tebur suna gwada su ɗaya bayan ɗaya. Daga nan sunayen huɗu suka fito.

Abin da masu bidiyo suka faɗa, kuma gaskiya suka faɗa

Na karɓi aikin da zuciya ɗaya, na yi kwana uku ina karatu. Dukkan huɗun iri ɗaya ne a asali: raifil ne masu ɗura kansu. Ka ja kunama sau ɗaya, harsashi ɗaya ya fita, ƙarfin fitarsa ya tura ƙarfen ciki baya ya tofar da kwanson, sannan ya ɗauko wani ya ɗura. Ba irin masu aman wuta na sojoji ba ne, waɗanda kan yi ta zuba muddin yatsa na kan kunama. Kuma dukkansu harsashi ɗaya suke ci, ɗan ƙaramin nan da ake kira .22, wanda aka fara yi tun 1887. Kaurinsa bai kai milimita 6 ba, nauyin dalmarsa bai kai giram 3 ba.

Ruger 10/22 ita ce sarauniyarsu. Tun 1964 ake ƙera ta, gidan harsashinta mai juyawa ne, yana ɗaukar goma, kuma yana lafewa a cikin jikin bindigar ba ya leƙowa. Abin da ya sa ake yabonta shi ne ba ta cika cijewa ba, sannan babu wani sashe nata da ba a sayar da madadinsa a shagunan Amurka. Ita ce mafi tsada a takardar, wajen dala 300. Marlin 60 ta girme ta da shekara huɗu, harsasanta a cikin wani siririn bututu suke jeruwa ƙarƙashin bakin, an san ta da saiti mai kyau, amma ɗurinta na cin lokaci. An daina ƙera ta a 2020 da kamfanin Remington mai riƙe da Marlin ya durƙushe, don haka sai dai ta hannu. Savage 64 a Kanada ake yin ta, Mossberg 702 kuma a Barazil. Su biyun ne masu araha, a lokacin kowacce ba ta kai dala 200 ba, kuma ƙorafin da ake yi a kansu kusan ɗaya ne: gidan harsashi mai taurin kai, da cijewa idan an ba su harsashi mai arha ko an bar su da datti.

Da a ce Kawu manomi ne a Amurka, da amsar ba ta da wuya. Sai in ce ya ƙara dala ɗari ya ɗauki Ruger, don araha ba ta ado, kuma abin da za ka riƙe shekara ashirin ba a yi masa ƙoron dala ɗari. A lokacin dala tana wajen naira 1,500, ke nan Ruger ta kama naira dubu ɗari huɗu da hamsin, cikin abin da ya ware. Da wannan amsar na koma zaure, ina jin na yi aiki.

Tambayoyin Baba Saje

Ranar na tarar da baƙo. Maƙwabcin Kawu ne, tsohon soja da ya yi shekaru yana horar da kurata a Daffo, cibiyar horar da sababbin sojoji ta Zariya, ya yi ritaya ya zauna a Zariya kamar yadda da yawansu ke yi. Unguwa duk Baba Saje ake ce masa. Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba, sannan ya juya wajen Kawu.

"Alhaji, wa za ka harba da ita?"

Kawu ya ce birai da gyado, in kuma Allah ya kawo mutanen daji, a samu abin kare kai.

"To ai abu uku ka lissafa, kuma ba bindiga ɗaya ke yi musu ba."

Ya ɗauki bayanin dalla-dalla, ni kuwa ina rubutawa a bayan takardar nan. Harsashin .22, in ji shi, na zomo ne da kurege da makwarwa. Zai kashe mutum, kada wani ya ɗauke shi wasa, yana kuma iya tafiya fiye da kilomita guda ya faɗa kan wanda ba a nufa ba, amma saitinsa na gaskiya bai wuce mita ɗari ba. Gyado kuwa fatarsa da ƙashinsa sun fi ƙarfinsa, sai dai ka ji masa rauni ya shiga rami ya mutu a banza, ko ya juyo kanka. Su kuma mutanen daji AK-47 suke riƙewa, gidan harsashinta talatin yake ci, tana cin mutum daga mita ɗari uku, kuma ba ɗaya-ɗaya suke zuwa ba, a kan babura suke zuwa da yawa.

"Ka tsaya a bakin bukka da wannan ka yi harbi ɗaya," ya ce, "ka gaya musu abu biyu ke nan: ga inda kake, kuma akwai bindiga a gonar. Wanda da ɗaukarsa za su yi a nemi fansa, yanzu kashe shi za su yi su ɗauki bindigar."

Kawu ya yi shiru. Na ga maganar ta yi masa ɗaci, amma bai musa ba.

Daga nan Baba Saje ya shiga abin da ya fi sani, wato ƙarfe. Irin waɗannan masu ɗura kansu da ƙarfin harsashin kansa suke aiki, kuma ƙarfin .22 kaɗan ne, don haka ƙaramin datti ma ya isa ya tsayar da su. Harsashin da kansa mai ƙazanta ne, ana shafa wa dalmarsa kakin da ke haɗuwa da toka ya daskare a ciki. Ka ƙara masa ƙurar hunturun Zariya, ka ƙara danshin Agusta a bukkar gona. A bidiyo mutum yana harbi a fili mai tsabta, ya koma gida ya wanke bindigarsa da mai na musamman, in wani siririn waya ya karye ya yi oda a kawo masa cikin kwana biyu. A nan wa zai kawo maka? Babban fifikon Ruger a kan yawan kayan gyaranta yake, kuma wannan fifikon yana ƙarewa ne a bakin ruwan Amurka. A Sabon Gari za ka samu kayan gyaran kowane irin babur da injin ban-ruwa, amma ba za ka samu maƙalar kwanson Ruger ba. Ranar da ta karye, dubu ɗari huɗu da hamsin ta zama sanda.

Wannan ya sa na gane kuskuren lissafina. Na auna inganci kamar abu ne da ke zaune cikin ƙarfen shi kaɗai, alhali rabinsa a wajen ƙarfen yake: harsashin da za ka samu a halal, mai gyaran da ke kusa, da sa'o'in da ka yi kana koyo. Mai bidiyo yakan harba ɗaruruwa a yini guda don hannunsa ya faɗa. Kawu bai taɓa harba komai ba sai bindigar toka ta kakanmu, ita ma yana saurayi.

Dillalin da ya zo da ta biyar

Magana ba ta ɓuya a unguwa. Kafin sati ya zagayo wani mutum ya zo zauren, ya ce ya ji Alhaji na neman abin tsaron gona. Ya ce a bar zancen kayan Amurka, shi yana da hanyar bindigar famfo, wadda ake ja wa hannu baya da gaba tana ɗura katirij, ƙirar Turkiyya, sabuwa dal, har da takardarta. Farashin da ya faɗa ya yi daidai da abin da Kawu ya ware, kamar an raɗa masa. Bai zo da ita ba, hoto ya nuna a waya, ya ce a ba da rabin kuɗi tukuna.

Cinikin biri a sama ke nan, amma ba zan ɓoye ba, Kawu ya karkata. Ta fuskar aiki ma ta fi huɗun can dacewa da gona, don katirij mai watsa dalma yana kwantar da gyado a mita talatin. Kalmar "takarda" ce ta tsaya mini a rai. Na roƙi Kawu ya ba ni kwana biyu, na je wajen wani abokina lauya da muka yi jami'a tare a Kongo, reshen Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Ya buɗe mini Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau ita ke aiki, ya nuna mini jadawalin da ke ƙarshenta. Kashi uku ta raba bindigogi. Na farko haramtattu, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke ba da lasisinsu: masu aman wuta, raifil irin na soja masu harsashi 7.62 da 9 da .300 da .303, da ƙananan bindigogin hannu. Na biyu na mallakar mutum, lasisinsu a hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda: raifil na farauta da harsashinsu ba na soja ba, bindigar iska, da bindigar katirij. Na uku masu ɗuri ta baki, irin bindigar toka, waɗanda Kwamishinan 'Yan Sandan jiha ke ba da izininsu. Sai ya sa yatsa a kan wani layi. Bindigar katirij da dokar ta yarda da ita a kashi na biyu ita ce wadda ba ta ɗura kanta, kuma ba ta da wata na'urar ɗuri ko wace iri. Wato mai baki ɗaya ko mai baki biyu da ake karyawa a sa katirij da hannu. Bindigar famfo ba ta cikin wannan, ta faɗa cikin haramtattu, kuma hukuncin mallakar haramtacciya ba lasisi ɗaurin da bai gaza shekara goma ba ne.

Ya tuna mini cewa a 2017 kaɗai hukumar kwastan ƙarƙashin Hameed Ali ta kama irin waɗannan bindigogin har sau huɗu a Legas, 661 a Janairu, 440 a Mayu, sai 1,100 da 470 a Satumba, jimla 2,671, akasarinsu daga Turkiyya. A farkon 2018 Sufeto Janar Ibrahim Idris ya ba da wa'adi a miƙa haramtattun makamai, ya kuma ambaci bindigar famfo da sunanta. Game da huɗun da ke takardar Kawu, ya ce a rubuce suna iya shiga kashi na biyu tunda harsashinsu ba na soja ba ne, amma sai da lasisin Sufeto Janar, shigo da su ƙasa ma sai da wani izinin daban. Ga shi kuma a watan Agustan 2023 Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da bayar da lasisin ƙananan makamai. Ko a 2022 da gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi lasisi su kare kansu, 'yan sanda sun ce takunkumin na nan, Babban Hafsan Tsaro Lucky Irabor ya ce gwamna ba shi da wannan ikon.

"To wace takarda dillalin naku zai kawo?" ya tambaye ni. "Ko dai ta bogi, ko ta wani da aka goge suna. Kuma ba ku san abin da aka taɓa yi da bindigar ba. In an kama Kawu da ita a shingen hanyar Funtuwa, ba manomi za a rubuta ba."

Abin da na faɗa wa Kawu

Na koma na zauna gabansa na ce, "Kawu, ka sa ni in zaɓa maka tsakanin huɗu. In don ƙarfe ne, Ruger ta fi, Savage da Mossberg kuɗinsu ya yi daidai da aikinsu, Marlin kuma ta tsufa. Amma babu ɗaya a cikinsu da za ta yi maka aikin da kake so, babu kuma hanyar halal da za ta kawo maka ita yanzu. Ta biyar ɗin ita ce mafi tsada duka, don kuɗinta na gaskiya shekara goma ne."

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya faɗi maganar da har yau ban samu amsarta ba.

"Malam, wanda zai zo ya ɗauke ni bai nemi lasisi wajen kowa ba. Ni da ke biyan haraji, ni aka ɗaure wa hannu."

Gaskiya ya faɗa, kuma ina jin zafinta kamar yadda yake ji. Dokar da aka rubuta kafin samun 'yancin kai ba ta san baburan daji ba. Hukumar da ta hana manomi makami ta ɗauki alkawarin tsare shi, kuma a ƙauyukan Giwa an daɗe ana jiran cikar wannan alkawarin. Duk da haka ban canja shawara ba, domin rashin adalcin dokar ba zai ƙara wa harsashin .22 nisa ba, ba zai kuma hana alƙali karanta sashen da ke gabansa ba. Akwai kuma abin da ban faɗa a zaure ba sai da muka keɓe: gidan Kawu yara goma sha huɗu ne, da jikoki, ga samari masu zafin kai. Bindigar da aka saya a ɓoye a ƙarƙashin gado take kwana, ba a cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo ba.

Inda kuɗin suka tafi

Dillalin ya dawo sau biyu, Kawu ya ce masa ya fasa. Dubu ɗari shidan aka rarraba su. Maganar birai da gyado aka kai wa sarkin bakan yankin, ya haɗa shi da wani maharbi da ya gaji sana'ar, mai bindigar toka da 'yan sanda suka san da ita, aka yi yarjejeniya zai riƙa zagaya gonar daga fitar goyo zuwa girbi a kan buhu biyu na masara da ɗan abin cefane. Mutumin ya san ramin kowane gyado a wannan fadamar, abin da babu bindigar kanti da za ta koya wa Kawu. Shanun shida aka dawo da su bayan Shika, aka yi musu shinge, aka sa fitilu biyu masu aiki da hasken rana, aka samo karnuka. Wani kaso ya shiga asusun da manoman yankin ke tarawa don man baburan 'yan sintiri masu rajista da hukumar sintiri ta jihar Kaduna. Aka kuma yanke cewa babu mai sake kwana a babbar gona, a shiga da hantsi a fito kafin La'asar, kuma a tafi a ayari.

Wannan tsarin ya ci nasa kuɗin. Kusan kashi ɗaya cikin uku na babbar gonar, ɓangaren da ke jingine da daji, bai ga iri ba a wannan daminar, don leburori sun ƙi zuwa can. Noman da ake yi rabin yini bai kai na cikakken yini ba, ciyawa ta ci ƙarfin wani sashe na waken suyar. Ɓarayin dare ma sun samu sarari tunda sun san ba kowa a bukka, sun karya masara sau biyu. Da aka yi girbi a Nuwamba abin da ya shigo rumbu bai kai na bara ba, kuma Kawu ya ji raguwar a jikinsa lokacin biyan kuɗin makarantar yara.

Ba a ɗauki kowa daga gidansa ba a wannan shekarar. Ba zan ce tsarin ne ya hana ba, don akwai waɗanda suka yi duk abin da ya yi aka kuma ɗauke su, tsarewa ta Allah ce.

Takardar nan mai jan biro tana cikin aljihun littafin da yake rubuta lissafin taki. Ranar da muka gama auna masarar, muna zaune a kan buhuna ana jiran motar da za ta kai su kasuwar Giwa, ya ciro ta ya juya bayanta inda na rubuta bayanin Baba Saje, ya karanta a hankali yana bin layi da yatsa. Sannan ya ce in tambayar masa abokina lauya, duk ranar da aka dawo da bayar da lasisi, waɗanne takardu ake nema don mai baki biyu, kuma wa ke koyar da riƙe ta.